Abin da Ya Cinye Ƙugun Mai Boris

Ranar da likitar ƙashi ta ce sai an yi wa maigidana aiki a ƙugu, in ba haka ba keken guragu na nan tafe, bai tambaye ta ko da zafi ba, bai kuma tambaya ko ana tashi daga irin wannan aiki ba. Ya ƙura wa hoton ƙashin da ta ɗaga wa haske ido, ya ce, "To, me ya cinye shi?"

Ta ce, "Shekaru ne, Baba."

Ya ce, "A'a, Likita. Na hagun fa? Ba rana ɗaya aka haife su ba? Me ya sa na dama ya mutu, na hagu yana nan garau?"

Ina gefe riƙe da takalmansa, na ce a raina, shi ke nan, an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi, yau ba mu ba barin ɗakin nan da wuri.

Bari in gaya muku ko wane ne mutumin nan, don in ba ku san shi ba sai ku ɗauka taurin kai ne kawai. Taurin kan akwai shi, wallahi, buhu-buhu, amma ba shi kaɗai ba ne.

Mai Boris ake ce masa. Boris, ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, zobe ne biyu na ƙarfe, ƙarami a cikin babba, da 'yan ƙwallaye a tsakaninsu. A cikinsa sandar inji ke juyawa ba tare da ta gogi gidanta ba. Fankar da ke bisa kanku tana da shi, keke na da shi, injin niƙa na da shi. A kan wannan ɗan abu maigidana ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Tun yana saurayi ya shiga masaƙa, sashen gyaran injuna, kuma har aka rufe masaƙar abokan aikinsa sun ce ba su san yadda yake kama ba in yana zaune. Zai ɗauki dogon sukudireba, ya ɗora tsinin a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Cikin ƙarar nan da ke hana ka jin maganar na kusa da kai, shi sai ya ce, "Na bayan nan ya fara kuka." A buɗe, a tarar haka ne.

Karatunsa ɗaya ne, kuma duk gidanmu mun haddace shi, har kyanwa. Boris ba ya mutuwa banza. Ko dai an bar shi ba giris, ƙarfe ya yi ta gogar ƙarfe har ya yi zafi, ko an ɗaura shi a karkace ba saiti, ko kuwa an ɗora masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya canza boris bai gano abin da ya kashe shi ba, in ji shi, ba gyara ya yi ba, sabo ya kawo wa mutuwa. Kuma duk wanda ya cire sai ya wanke shi da kananzir, ya nuna wa mai injin inda ya cinye, ya danƙa masa abinsa a hannu. Yakan ce makanikin da ke ɓoye tsohon kaya ɓarawo ne, ko bai saci komai ba.

Ni ma ƙara ce ta kawo shi gare ni. Yana wucewa ta layinmu ya ji keken ɗinkin mahaifiyata yana ƙiƙi-ƙiƙi, ya tsaya ya yi sallama ba wanda ya kira shi. Keken ya gyaru tun zuwan farko, amma bawan Allah ya yi ta dawowa wai duba shi yake. In muna hira, bakinsa na wurina, idonsa na kan ƙyauren ƙofarmu da ya saki. Don haka ido buɗe na aure shi, ba zan ce an cuce ni ba.

Amma zama da shi sai mai haƙuri. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, kamar don shi aka yi maganar. Mu je gaishe da mutane, ana tsakiyar gaisuwa in waiga in gan shi a kan kujerar masu gida, hannu cikin fankarsu. Mu je duba mara lafiya, in same shi durƙushe yana juya tayar gadon. Kunya ta ishe ni, in ce, "Malam, don Allah ka sauko." Ya ce, "Ke ba kya jin tana kuka ne?" Ni ban taɓa jin komai ba. Shi kuwa duniyar nan duka kuka take masa a kunne, kuma gani yake in bai tashi ba babu mai tashi.

'Ya'yanmu huɗu. Ta biyun mace ce, ƙafafunta ba su taɓa ɗaukarta ba tun da ta zo duniya, amma kai kam, ma sha Allah, kaifi kamar reza. Shi ya laƙa mata Injiniya, sunan ya bi ta har makaranta. A lokacin muna gidajen ma'aikata, can saman bene, matakalar ga ƙunci ga kwana. Ya haɗa mata keke da hannunsa, ya sa masa boris masu kyau, yatsa ɗaya ya isa ya tura shi. To amma keke ba ya hawa matakala. Sai ya zama shi ne matakalar. Ya ɗora ta a ƙugunsa na hagu, ya zagaye ta da hannu, ya ɗan karkata dama, su sauka da safe, su hau da yamma. Ranar da ba aiki kuwa yini suke suna yawo, yana gyare-gyaren maƙwabta, tana maƙale a gefensa tana miƙa masa sifana. Tun kafin ya buɗe baki ta san lambar da yake so. Na ce ya riƙa goya ta a baya, ya fi sauƙi. Ita ta ƙi, wai daga baya ba ta ganin abin da hannunsa ke yi. Haka ta girma a wurin, har ta zama budurwa, ƙafafunta suna jan matakala in suna hawa, kuma bai taɓa yarda wani ya karɓe shi ba, ko yayanta. Ciwon ƙirji ya ɗauke ta tana shekara sha bakwai. Daga ranar bai ƙara kiran sunanta ba. Ni ma na bi shi muka yi shiru, kowa ta ciki na ciki.

Bayan nan aka rufe masaƙa, muka koma wani gida a ƙasa, ba bene. Na ce to, yanzu dai zai huta. Ina! Sai ma abin ya ƙaru. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya shiga gari da ƙafa: injin niƙa a nan, famfon ruwa a can, janareto, injin walda, abin da duk ke juyawa. Yakan fita ban gama shara ba, ya dawo rigarsa baƙi ƙirin, ya ci abinci rabi a tsaye, ya ce ya tuna wani fuli, ƙarfen da bel ke zagayawa, da bai gamsu da zamansa ba, ya sake ficewa. Shekara da shekaru haka. Tafiya ce abincinsa, kuma na san in aka raba shi da ita an gama da shi.

Ɗingishin a hankali ya fara. Ya ce takalmi ne. Daga baya ya ce sanyi ne. Rannan da hantsi ina tsintar shinkafa ya kira ni ɗaki, na same shi tsaye ya dafa bango, dogon sukudireban nan a hannunsa.

Ya ce, "Zo ki ɗora nan. Kunnena ba ya kaiwa."

Na ce, "In ɗora me a ina?"

Ya nuna ƙugunsa na dama. "Ki manna kunnenki a ƙota, ni kuma in juya ƙafar. Ki gaya mini abin da kika ji."

Na ce, "Inna lillahi! Yau ni aka mayar ƙaramin makanike da tsufana?" Amma na ɗora. Ya ɗaga ƙafar yana juyawa a hankali, yana cije leɓe. Wallahi na ji. Wani ƙurus-ƙurus, kamar ana taka tsakuwa da takalmi.

Ya ce, "Yaya? Kuka yake ko gurnani?"

Na ce, "Ni ban san yarensu ba. Tashi mu tafi asibiti."

Ya ce, "Gurnani ne. Ya bushe. Ƙarfe na cin ƙarfe."

Abin da ya kai mu gaban likitar nan ke nan. Ita kuwa, Allah ya yi mata albarka, ba ta ƙosa da shi ba. Ta nuna masa a hoto cewa kan ƙashin cinya dunƙule yake kamar ƙwallo, yana juyawa a cikin wani ƙoƙo a ƙugu, da guringuntsi mai santsi a tsakani. A hagu ana ganin sararin, a dama babu, ƙashi ya haɗu da ƙashi. Ta buɗe aljihun tebur ta ciro samfurin abin da za a sa masa, ƙwallon ƙarfe mai ƙyalli da ƙoƙonsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya, ya girgiza kusa da kunne ko zai ji wasa a ciki, ya shafa da babban yatsa. Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aikinsa."

Da za mu fito ta ba shi sandar dogarawa. Ya riƙe a dama, gefen ciwon. Ta ce, "A hagu za ka riƙe, Baba."

Ya ce, "Haba Likita, bango na faɗuwa gabas ki tokare yamma?"

Ta yi dariya, ta ce ya tsaya a kan ƙafar dama. "Ka ga yanzu ƙugun dama shi ne madogara, kamar tsakiyar sikeli. Sauran jikinka duk yana rinjaya ta hagu, naman ƙugun yana ja da ƙarfi don kada ka kife, wannan jan kuwa gaɓar yake matsewa. In ka tokare can hagu, nesa da madogarar, ƙarfi kaɗan zai ɗauke mata aiki mai yawa."

Sai na ga fuskarsa ta washe kamar an ba shi kyauta. Ya ce, "Kamar in zura dogon bututu a ƙotar sifana! Noti ya ƙi kwancewa, ka ƙara tsawon hannu, ƙarfinka ya ninku." Ya mayar da sandar hagu, ya taka, ya sake takawa, ya juyo ya ce da ni, "Yarinyar nan makanikiya ce, asibiti ne ya sace ta."

Na ce alhamdu lillahi, an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ta ce a sa ranar aiki, ya ce shi fa ba za a buɗe shi ba sai ya gano abin da ya kashe tsohon. Ta ce sau da yawa ba a sanin dalili. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ta ce in ya daɗe yana jinkiri naman ƙafar zai shanye, ko an yi aikin ba lallai ya taka kamar da ba. Ya ce ya ji, ba zai daɗe ba. Duk da haka ta rubuta mana rana.

Wayyo ni! Daga nan gidanmu ya koma wurin bincike. Ya fara da takalma. Ya sa na kwaso duk tsofaffin takalmansa, har waɗanda ɓera ya ci, ya shimfiɗa farin ƙyallen da yake jera kayan inji a kai, ya jera su, yana kifa kowanne yana duba inda dunduniya ta cinye. Ya ce ba saiti, ƙafa ɗaya ta fi tsawo. Ya sa babban ɗanmu ya auna shi da tef daga ƙugu zuwa idon sawu, aka ga daidai suke. Ya ce to babur ne, wanda ya taɓa yi a da, da ƙafar dama ake buga masa kik. Na ce babur ɗin da bai shekara biyu a hannunka ba? Ya ce to katifa ce, ta lotsa gefe guda. Aka juya katifa. Ya koma kan giris, wai jikinsa ne ba mai, ya sa in riƙa malala masa mai a abinci har yaran suka daina ci da mu. Har tsohuwar masaƙar ya sa aka kai shi, wurin duk ya zama kango, ya roƙi mai gadi ya bar shi ya shiga, ya ɗora ma'aunin ruwan magina a daɓen da ya yi shekaru yana tsayawa, ko a karkace yake. Daɓen lafiyarsa ƙalau.

Ranar da likita ta rubuta ta zo ta wuce, yana can yana auna daɓe. Likitar ta sake ba mu wata ranar, ta ce da ni a gefe, "Mama, kada wannan ma ta wuce."

Ƙafar kuwa ba ta jiran bincikensa. Da yana kaiwa bakin titi, ya koma iyakarsa ƙofar gida, daga nan sai tsakar gida. Salla ta koma a zaune. Cinyar dama ta rame, wando na yawo a kanta. Amma zama? Allah ya kiyaye. Ya dafa bango ya je kicin, ya taɓa murfin tukunya, ya dawo, ya zauna, ya miƙe, ya buɗe akwatin kayan aiki, ya rufe. Injin niƙan maƙwabta na kuka ta bayan katanga, yana ji, ba ya iya zuwa, sai ya yi ta murza yatsu yana cewa, "Za su kashe shi, bel ɗin ya yi tauri da yawa." Ƙwas-ƙwas ɗin sandar nan a siminti ya hana ni sakat, har in yana barci ina jin ta a kaina.

Babban ɗanmu ya zo ya yi magana da ladabi, ya yi da ɗan zafi, a ƙarshe ya ce, "Baba, tsoro kake ji, ka faɗa kawai. Wanzami ba ya son jarfa." Uban ya ɗaga sanda, yaron ya yi waje. Ni ma na ɗauka tsoron ne, don ya sha ba mu labarin masu rufe inji su tarar da ragowar noti a aljihu. Amma da na lura sai na ga ba haka ba ne. Da gaske yake nema. Ya bi ko'ina, ya taɓa komai, wuri ɗaya ne kawai ba ya kallo.

Ana saura kwana kaɗan rana ta biyu ta cika, da azahar, na fito na same shi a ƙasa. Ya sake shimfiɗa farin ƙyallen, ya sake jera takalman nan, ya zauna dirshan ya kasa tashi, yana ta ja da gindi daga wannan zuwa wancan. Mutumin da ke zaga gari da ƙafa! Raina ya ɓaci, na ajiye tiren da ke hannuna da ƙarfi.

Na ce, "Malam, ka bar jaki kana dukan taiki. Ka duba giris, ka duba saiti, ka duba har daɓen mutane. Na ukun fa? Ba kai ka koya mana uku ne ba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wane lodi na ɗauka? Akwatin kayan aikin nan ko yaro ya ɗaga shi."

Na ce, "Injiniya."

Sunan ya faɗo tsakar gidan kamar an saki faranti. Rabon da a ji shi a bakin ɗayanmu har na manta. Amma na ci gaba, don na riga na fara. Na ce, "Shekara nawa kana hawa da ita kana sauka? Tun tana 'yar mitsitsiya har ta kusa kai ni tsawo. Ƙugun ƙarfe ne da kai?"

Ya ɗago, idonsa jawur. Ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba. "Kada ki sa ta a ciki! Yarinyar nan ba ta taɓa yi mini nauyi ba. Kuma ke ba ki da lissafi ne? A hagu take zama. Hagu! Dama ke ciwo. Da ita ce, da na hagu ne zai..."

Sai ya tsaya. Bakinsa a buɗe, maganar ta maƙale. Idonsa ya sauka kan sandar da ke kwance a gefensa na hagu. Na ga yana kallonta, na ga leɓensa na motsi, yana lissafin nan nasa. Ni ban yi karatun inji ba, amma ina ɗakin ranar da likita ta yi bayani, kuma a fuskarsa na karanta sauran. In tallafi a hagu yana sauke wa ƙugun dama nauyi, to kaya a hagu ninka masa yake yi. Duk takun da ya yi a matakalar nan da ƙafar dama, ita tana can gefe, nesa da madogara.

A hankali ya ce, "Dogon bututu."

Ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannuwa a cinya. Injin maƙwabta na ta kukansa, ko gezau. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya zauna shiru haka ba, yatsunsa ma ba sa motsi. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya zaunar mini da mutumin nan, ranar da ya zauna kuwa tsoro ya kama ni. Na zauna kusa da shi a kan simintin, na yi kukana, shi yana kallon takalma.

Har inuwa ta juya sannan ya yi magana. Ya ce, "Kira yaron nan, ya gaya wa Likita muna zuwa."

Na ce, "Ka yarda ke nan?"

Ya ce, "An gano dalili. Sabon zai daɗe." Ya ƙara da cewa, "Ba abin da zai cinye shi. Lodin ya sauka."

Da na san abin da zai faɗa ke nan, wallahi da ban tambaya ba.

Sharaɗi ɗaya ya kafa wa likita, wai in ta cire tsohon ta ba shi abinsa. Ta ce dokar asibiti ba ta yarda a ba mutum ya tafi da shi ba, amma ta yi alkawarin zai gani. Ta kuwa cika. Washegarin aikin, yana kwance an tokare ƙafafunsa da matashi, ta shigo da 'yar roba mai murfi ta buɗe masa. Ni kau da kai na yi da farko, sannan na leƙa. Dunƙulen ƙashi ne bai kai lemo ba, gefe duk ya yi kaushi, amma can samansa akwai wani wuri da ya goge ya yi sumul yana ƙyalli.

Ya ce ta juya shi. Ta juya. Ya daɗe yana kallon wurin nan mai ƙyalli, irin kallon da yake wa boris in ya wanke shi da kananzir.

Likita ta ce, "Ka gano abin da ya cinye shi, Baba?"

Ya ce, "Na gano. Aiki ya yi, ba wulaƙanta shi aka yi ba. Rufe abinki, 'yata, na gode."

Bayan 'yan kwanaki aka fara koya masa tafiya, kuma halin ya dawo, don hali zanen dutse ne. Shi da ke wa mutane wa'azi cewa sabon inji lallaɓa shi ake yi, ba a ba shi wuta gaba ɗaya, shi ne nas ke bi da gudu tana cewa ya dawo ya kwanta. Ya gano tayar keken da ake raba magani tana kuka, ya aika a kawo masa giris daga gida. Na ce in ka kuskura ka durƙusa, ni da kaina zan kwance sabon in mayar wa Likita.

Kafin a sallame mu sai da aka kai shi wani ɗaki mai 'yar matakalar katako, ta gwaji, da ƙarfen dafawa a dama. Mai koyar da tafiyar ya karɓi sandar, ya ce ya kama ƙarfen, ya fara ɗora ƙafar hagu, sabuwar ta biyo baya. Ya ɗora. Ya hau ɗaya, ya hau biyu, ba gurnani, ba cije leɓe. Ina daga ƙasa ina ta hamdala.

Sai mai koyarwar ya ce, "Baba, miƙe sosai mana, ka daina karkata dama. Kuma saki hannun hagun nan, me kake riƙewa?"

Na duba. Ya karkata dama kaɗan, hannunsa na hagu ya lanƙwashe a gefen ƙugu, ya bar wuri daidai zaman mutum. Shi bai ma san ya yi ba. Ya sunkuya ya kalli hannun, ya kalle ni.

Na ce da mai koyarwar, "Ƙyale shi, ɗana. Haka yake hawa."